Baƙin fentin da aka lafta wa akwatin Pac-Man: yadda ake cire shi zanen asali bai bi shi ba

In na fahimci tambayarka daidai, ka sayi tsohon akwatin gem na tsaye irin wanda ake jefa wa kwandala, a wani gwanjo a jihar Ohio ta Amurka. Gem ɗin da ke ciki Arkanoid ne, jikin kuma an lafta masa baƙin fenti tun daga sama har ƙasa, sai dai inda ya ɓantare kana hango rawaya, shine kake zargin Pac-Man ne aka rufe. Wani ya ce ka bi shi da tina, wani ya ce ka ɗauko injin sanfefa ka huta. Toh ɗan'uwa dan Allah ajiye su duka biyun tukuna. Kowannensu zai cire baƙin, wannan ba gardama, amma tare da zanen zai tafi, kuma zanen nan shine kuɗin akwatin, in ba shi ba ai katako ne kawai ka saya.

Zarginka yana da ƙarfi gaskiya. Pac-Man ya fito 1980, Namco na Japan ne suka ƙirƙire shi, kamfanin Midway da ke wajen Chicago kuma suka rinƙa haɗa akwatunan Amurka, sun sayar da sama da 100,000. Da kasuwar gem ta karye wajen 1983, masu zuba injinan nan a shaguna da mashaya suka ga ba riba su sayi sabon akwati duk lokacin da sabon gem ya fito, sai su sayi fanel ɗin gem ɗin kawai da sitikunsa su dasa a tsohon jiki. Daga baya ma aka fito da tsarin JAMMA, mahaɗi ɗaya mai fil 56, ka zare wannan fanel ka soka wancan shikenan. Arkanoid na kamfanin Taito ne, 1986, kuma hotonsa a tsaye yake kamar na Pac-Man, ba sai an juya monita ba, shi ya sa akwatunan Pac-Man da yawa suka koma shi. Wanda ya yi fentin nan ba mai fenti bane, ɗan kasuwa ne da ke sauri ya mayar da inji bakin aiki kafin ƙarshen sati. Wannan saurin nasa shine sa'arka. Mafi yawansu ba sa goge jikin da sanfefa, ba sa shafa fentin shimfiɗa, ko wanke shi ba sa yi, sai su ɗauko rola su bi ta kan datti da maiƙon hannu da hayaƙin sigari na shekaru. Kaga baƙin a kan datti yake zaune, bai kama fentin kamfani da kyau ba.

Kafin ka buɗe kowace kwalba, ka san abu biyu: meye a ƙasa, meye a sama. Kuma na ƙasan shi ke zaɓa maka magani. Mutane da yawa tambayar da suke yi ita ce wane sinadari ne ya fi cin fenti, alhali wanda kake nema shine wanda ya fi rauni amma duk da haka zai iya ɗaga baƙin.

Na ƙasa tukuna. Buɗe ƙofar baya ka haska da tocila, ka duba bakin katakon. In ka ga layi-layi filawud ne, in ka ga kamar garin katako da aka matse da gam to wancan ne mai kumbura in ya sha ruwa. Pac-Man na Midway filawud ne, an fesa masa rawaya sannan aka buga zanen kai tsaye a kai da fenti, ba sitika bace. Siffar jikinsa ɗaya da ta akwatin wani gem ɗin, Galaxian, amma shi Galaxian fari ne, tunda rawaya kake gani magana ta ƙare. Da dare ka kashe fitila ka kwantar da hasken tocila a gefen akwatin, ya zama hasken yana shafar jikin ne ba yana dukansa ba. Sau da yawa zaka ga shatin zanen ya taso ta ƙarƙashin baƙin. A nan ne kuma zaka ga mugun labari in akwai shi, wato zagaye-zagayen karce na injin sanfefa. In ka ga wannan ya cika jikin to an riga an kashe zanen tun kafin a rufe shi, zan dawo kansa a ƙasa.

Na sama kuma gwajinsa bai kai minti biyu ba. Samu sifirit na kemis, aisofurofil mai kashi 91 ko 99, mai 70 ruwa ya masa yawa. Jiƙa auduga ka danna a bayan akwatin ko can ƙasa kusa da ƙafa, ka bari kamar rabin minti sannan ka murza. Audugar ta yi baƙi, fentin ya yi danƙo-danƙo? Fentin ruwa ne irin na bangon ɗaki, ka yi hamdala. Ta fito fes fentin ko gezau? To na mai ne ko na feshi. Ko da ido ma ana ganewa, na rola yana da ƙurji-ƙurji da kauri kuma in ka sa farce yana ɗan miƙewa kamar roba, na gwangwanin feshi sumul ne siriri, da ɗigo-ɗigo inda hannu ya tsaya.

Kafin a fara, kwance duk abin da ke kwancewa. Robar da ke bin bakin katako ka zare ta, dama sabuwa zaka sa, ta Pac-Man ruwan lemo ce. Ƙofar kwandala, allon sama mai fitila, gilashin gaba, faifan da maɓallan wasa suke, duk su fita. Na fi son a kwantar da akwatin a gefensa a kan bargo domin magani ya zauna wuri ɗaya kar ya gangara ya bar maka layi a inda baka shirya ba, amma abin ya haura kilo 100, ka nemi mutum biyu, kuma a fara cire monita. Ita monitar nan irin ta tsohuwar talabijin ce mai ƙeya, tana riƙe wuta mai ƙarfin dubban bolt ko an zare soket, in baka taɓa sauke mata wuta ba ka kira wanda ya iya, ba wurin koyo da ka bane. Wuyanta na baya kuma gilashi ne siriri, ƙaramin bugu ya fasa shi.

Toh in fentin ruwa ne, ka fara da abin da ba sinadari ba. Handirayar gashi, ba bindigar zafi ta masu fenti ba, ka ɗumama wuri kamar tafin hannu sannan ka sa tsohon katin banki ka tura a kwance. Wani lokacin baƙin yana tashi fale-fale ka ja shi da hannu ya biyo ka, in ka dace haka to rabin aikin ya tafi ba ka zuba ko ɗigo ba. Wasu suna manna salatif mai ƙarfi su fizge, yana aiki, amma ni ba na so a kan Pac-Man, dan rawayan nan da ya haura shekara 40 yana tsattsagewa bisa jijiyar katako, salatif kuma ba ruwansa, duk wanda ya saki shi zai ɗauko. Reza da wuƙar kankara ta ƙarfe ma a bar su a aljihu.

Inda ya ƙi tashi sai sifirit. Ninke tsumma fari, farin yana da dalili, ka jiƙa shi ka shimfiɗa a wurin na minti ɗaya zuwa biyu, ɗaga, ka kankare da kati, ka goge saura da wani tsumman. Idonka a kan tsumman nan ko da yaushe. Muddin baƙi yake ɗaukowa ci gaba, ka ga rawaya ko ja ko shuɗi ya fara hawa to ka tsaya nan take, ka bar wurin ya bushe ya koma da ƙarfinsa, gobe ka dawo. Fentin kamfanin ma yana laushi in ya daɗe a jiƙe, amma in aka ƙyale shi yana sake tauri, a lokacin laushin ne mutane ke ɓarna saboda wai saura kaɗan su gama wajen. Akwai kuma Motsenbocker's Lift Off, wanda aka yi dan fentin ruwa, ana samunsa a shagunan kayan gini, yana da sauƙin hali, feshi ne ka bari 'yan mintuna ka goge. Sosan nan fari na Magic Eraser yana taimakawa wajen ragowar da ta maƙale cikin ramukan katako, amma ka sani sanfefa ce mai laushi sosai, ba sabulu bane a jikinsa, in ka danna zai dusashe kalar kuma wurin zai fita daban da sauran in haske ya faɗa kansa. Shafa a hankali, kar ka zauna wuri ɗaya.

In baƙin ya yi kauri, ko hawa biyu ne ko uku, sai a hau mataki na gaba, mai cire fenti mai kauri kamar man shafawa. Wanda masu wannan harka suka fi amfani da shi Citristrip ne, kalar ruwan lemo, mai ƙamshin lemo. A nan nake so ka nutsu dan nan ne akwatuna suka fi mutuwa. A jikin robar an rubuta a bar shi daga minti 30 har zuwa awa 24. Wannan umarnin na wanda ke son ganin tsurar katako ne, kai kuma so kake ya ci hawa ɗaya ya tsaya, shi kuwa bai san inda baƙi ya ƙare rawaya ya fara ba, agogonka ne kaɗai zai tsayar da shi. Dan haka ka samu salatif na masu fenti ka yanka gida huɗu ƙanana a can ƙasan gefe, ka shafa musu da burushi lokaci ɗaya, ka kankare na farko a minti 5, na biyu a 10, na uku a 15, na huɗu a 20. Wanda baƙin ya tashi rawaya bai motsa ba, shine lokacinka. Alamar da zaka gani ita ce saman ya yamutse kamar yanar da ke hawa kan kunu in ya huce, da ka ga haka ya nuna, kar ka jira ya ƙara. Kuma lokacin nan ba na dindindin bane, garejin da ke da sanyi da safe da wanda ya ɗauki zafi da rana ba ɗaya suke ba, zafi yana ƙara masa sauri, haka inda rola ta yi siriri ya fi saurin hudawa. Masu cewa a rufe shi da leda ya kwana suna da gaskiya in ƙofar gida kake kankarewa, a nan kam da safe filawud zaka tarar.

Sannan gwajin da ka yi a kan rawaya zalla bai isa ba. Ja da shuɗi da baƙin layin zanen a saman rawayan aka buga su, sun fi shi siriri, jan ma dama shi ya fi saurin koɗewa. Ka sake ƙaramin gwaji a gefen zanen, ka rage lokacin. Matsalar da ba kowa ke faɗa ba ita ce zanen asalin ma yana da baƙi, to ya zaka bambance baƙin ɗan kasuwa da na Midway? Ka buga hoton gefen Pac-Man babba ka manna a bango gabanka, ka san inda kowane layi ya bi kafin katinka ya isa wurin. In ka zo kan layin gara ka bar ɗan dusu-dusun baƙin sama a kai, ba mai lura, da ka cinye layin garin gyaran gira a rasa ido.

Yi aiki gida-gida, kowane bai wuce faɗin takardar rubutu ba, ka gama ɗaya ka share shi tas kafin ka shafa na gaba. Sharewar nan ba ado bace, ragowar maganin da ka bari tana ci gaba da ci ko ka tafi sallah ka dawo. Goge da tsumma mai ɗan laima, ka bi da busasshe. Kar ka kwarara ruwa, filawud yana da haƙuri amma bakinsa da ƙasansa suna sha, hawa-hawan su fara rabuwa. Gefe ɗaya zai iya cin maka yini biyu ko uku, haka abin yake, in ka gaji ka tashi, hannun da ya gaji shi ke danna kati da ƙarfi.

Tina da asiton, wato ruwan da mata ke goge fentin farce, da Goof Off mai ƙarfin nan, duk suna narkar da fentin kamfani a cikin daƙiƙoƙi. Ban ce ba su da amfani sam ba, amma a kan auduga ta goge kunne, a ɗigo ɗaya mai taurin kai, taɓa ka ɗauke. Zaka kuma ji masu cewa man birki ko feshin wanke oben. Man birki yana cin fenti kam, duk bakanike ya sani, amma yana shiga katako ta kowace tsaga ya zauna, daga baya duk fentin gyaran da ka sa a wurin ba zai kama ba. Na oben kuma soda ce mai ƙarfi, tana canza kala tana ƙona fata. Ni ba na kai ko ɗaya kusa da zanen da nake son ya rayu.

Tunda na san wannan ba zai zama akwatinka na ƙarshe ba, abin shiga rai gare shi, ka riƙe cewa kowane kamfani da halinsa. Na Williams, su Defender da Joust da Robotron, filawud ne da fentin sitensil, wato an ɗora yankakken zane an fesa fenti ta ramukansa, hanyarsu kusan ɗaya da wadda na faɗa. Na Atari irin su Centipede garin katako ne da aka lulluɓe da farar leda aka buga zanen a kanta, asiton yana share tawadar a shafa ɗaya, zafi yana tattare ledar, ruwa kuma in ya shiga baki ya kumbura ba ya komawa. Na Nintendo, Donkey Kong da 'yan'uwansa, fuskarsu tana da tauri da santsi kamar fomeka, sun fi kowa jure magani, zanensu kuma sitika ce da ake iya sakewa.

Yanzu in gwaji ya nuna na mai ne ko na feshi fa? Nan gaskiya dama ta ragu sosai, dan duk abin da ya isa ya narkar da shi ya isa ya narkar da na ƙasa. Ka gwada gidajen nan huɗu duk da haka, wani lokacin dattin da ke tsakani yana raba su. In ka ga suna tashi tare, ko ka tarar an riga an karce shi da sanfefa, kar ka ɓata wata guda kana ceton abin da ba ya nan. Ɗauki hotuna, ka auna inda zanen ya fara da inda ya ƙare daga baki, sannan ka kankare har katako, ka cike ramuka da kusurwoyin da suka gutsure da bodi fila irin ta masu gyaran jikin mota, Bondo, ka shafa fentin shimfiɗa, ka fesa rawaya, ka sayi sitensil ɗin Pac-Man da ake yankawa a leda ka buga kala ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka kankare ka nemi asalin rawayan a ƙarƙashin firam ɗin ƙofar kwandala inda rana ba ta taɓa gani ba, shi zaka kai shago su haɗa maka irinsa, kar ka dogara da hoton waya. Amma a ra'ayina in ko kashi 70 na zanen ya fito, barshi da tabonsa ya fi sabon fenti, masu tara kayan nan ma sun fi girmama na asali mai 'yan karce.

Maganar lafiya, a gurguje amma ba wasa. In ka tarar da tsohon gwangwanin cire fenti a gareji ko wani ya ba ka kyauta, duba ko akwai metilin kuloraid a ciki. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana sayar wa jama'a shi a 2019 bayan ya kashe mutane a rufaffun ɗakuna, kuma ko ba haka ba zai cinye zanen kafin ka ajiye burushi. In sanfefa ta zama dole, ka fara gwada fentin da ɗan tsinken gwajin dalma. An hana dalma a fentin gida a Amurka tun 1978, sai dai ba ka san wane tsohon gwangwani ɗan kasuwar nan ya jawo daga sito ba, mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an mana dogon bayani ba, kar a yi ƙurar a inda yara ke wasa. Buɗe ƙofar gareji, safar hannu, tabarau. In a ɗakin ƙarƙashin ƙasa kake aiki ka tuna tukunyar ruwan zafi mai gas sau da yawa tana da 'yar wuta da ke ci kullum, tururin sifirit kuma kamawa yake.

Ƙofar kwandala ƙarfe ce, ita kam ba tausayi, cire ta ka shafa mata duk abin da ka ga dama, ka bi da burushin waya ka sake fesa baƙi. Allon sama da na gaban monita kuwa zanensu ta baya aka buga, kar komai ya taɓa bayan. In fenti ya fantsama a gaba kuma gilashi ne, reza a kwance ta isa. In roba ce mai kama da gilashi, asiton zai mata hazo, sifirit ma yana sa ta tsattsage, ruwan ɗumi da sabulu da farce, sannan man goge roba irin Novus.

In ka gama cire baƙin, bar akwatin ya sha iska kamar sati kafin ka ɗora masa komai. Daga nan ka cike wuraren da suka ɓantare kawai da ƙaramin burushi da fentin masu zane, kana haɗa kalar da yadda jikin yake yanzu ba yadda yake a 1980 ba, in ba haka ba gyaran zai fi tabon fitowa. Kar ka shafa masa banish mai mai, yana yin ja-ja da shekaru kuma cire shi wani sabon yaƙi ne. Kakin goge mota siriri ya wadatar, shi ma sai bayan ka gama duk wani cike-cike dan fenti ba ya kama kan kaki. Ka fara da gwajin audugar nan a bayan akwatin, abin da ta ɗauko shi zai nuna ko handiraya da sifirit za su ishe ka ko sai an kai ga Citristrip.